Yamai Tsakanin Rana da Wayar Kainji

An kafa Nigelec, kamfanin wutar lantarki na Nijar, a 1968, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya. A lokacin injinan gazuwal ne ke ba Yamai wuta, kuma man da suke sha sai an yi doguwar tafiya da shi daga bakin teku. A 1976 aka jawo babbar waya daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wutar Kainji ta shigo da arha. Sannu a hankali kuran ya shiga sana'o'in gari. Tela ya koma keken lantarki, mai walda ya kafa rumfa a bakin titi, matan aure suka sayi firigo suna ƙulla ƙanƙara da lemun zoɓo, yara na kai wa tasha.

Amma tun kafin wayar ta iso akwai mutumin da ke nuna wata hanya. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks ne da ya yi karatu a Faransa, ya jagoranci binciken makamashin rana a Bamako, sannan ya dawo gida a 1969 ya karɓi ragamar ONERSOL, ofishin makamashin rana na Nijar. A nan Yamai shi da ma'aikatansa suka ƙera tukwanen ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana, suka kuma yi gwajin injin da rana ke juyawa don jawo ruwa. Hujjarsa a fili take: ƙasar da itacenta ke ƙarewa, hamada na matsowa, ba ta da dukiyar da ta kai ranar da ke dukan kanta kullum. Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne nacewarsa kan a ƙera kayan a gida da hannun ƴan ƙasa, domin ilimin ya zauna ko da baƙi sun tafi. Ya shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu a 1991, shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa. Sunan ya zauna, amma aikin bai samu dafawar da ta dace da shi ba. Wutar maƙwabta na zuwa da sauƙi, ga kuma talaucin da ya biyo bayan faɗuwar farashin yuraniyom.

Gari kuwa sai faɗaɗa yake. Kowace bazara, a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ana ɗauke wuta unguwa bayan unguwa. A 2017 aka buɗe tashar gazuwal ta Gorou Banda a ƙetaren kogi, duk da haka har zuwa 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar daga Najeriya take zuwa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, a farkon Agusta Najeriya ta katse wayar. Talaka ne ya fi ɗanɗana kuɗarsa. Mai niƙa ya wuni yana jira, kifi da nama suka lalace a firigo, tela ya koma kwana a shago yana dakon a kawo wuta tsakar dare, ɗalibi ya yi bita da fitilar salula. Mai hali ya tayar da janareta, ko ya nufi kasuwa ya sayo farantin hasken rana da batir. Ƙarshen shekarar ne tashar hasken rana ta Gorou Banda, mai megawat 30 da faranti sama da 55,000, ta fara ba da wuta, ta rage wa gari raɗaɗi. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, wutar Najeriya ta dawo bayan haka.

Mutane dai ba su sauke farantansu daga rufi ba, matasa da yawa ma sun mai da haɗa su sana'a. Sai dai kusan duk kayan daga Sin ake shigo da su, kuma gidan da bai iya sayen batir ba har yanzu jiran Nigelec yake. Madatsar Kandadji ta Nijar kuwa, wadda aka aza harsashinta a 2008, ba ta fara ba da wuta ba tukuna.