Tsuntsun Ƙasa: Su Sun Ceto Nasu, Ina Namu?



Yau zan fara da wani ɗan tsibiri a yankin Karibiyan, sunansa Montserrat. Suna da wani ɗan tsuntsu mai zaƙin murya, baƙi da ruwan ɗorawa a ciki, wanda ba a samunsa a daji ko'ina a duniya sai can. Shi ne tsuntsun ƙasarsu. A 1995 dutse mai aman wuta ya farka, toka ta binne Plymouth, babban birninsu, ta kuma cinye dazukan da tsuntsun ke zama. Mutane suna gudun ceton rai, amma duk da haka aka kama wasu tsuntsayen aka kai gidan ajiye namun daji na tsibirin Jersey don kada irin ya ƙare. Har yau yana nan.

To, mu dawo gida. Tsuntsun da ake kira na Najeriya shi ne gauraka, mai tukku kamar an ɗora masa kambin zinare. Ni a Rogo na tashi. Kakata takan ce da damina har cikin ɗaki suke jin kukan gauraki daga fadama. Ni kuwa wallahi ban taɓa ganinsa a daji ba, sai a gidan wani attajiri, an datse masa fiffike yana zagaya tsakar gida.

Me ya faru? Abu biyu. Na farko kamu. Ajiye gauraka ya zama alamar isa a gidajen sarakuna da masu kuɗi, mafarauta suka yi ta kwasowa har da 'ya'yan. Na biyu ruwa. Gauraka a ciyawar fadama mai ruwa yake sheƙa. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a nan Ƙaraye a 1992. Mun samu noman rani da kifi, wannan gaskiya ne, amma ambaliyar da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, sauran fadamun kuma muka mai da su gonaki.

Su dutse ne ya ci nasu, suka tashi tsaye. Namu ba wani dutse, hannunmu ne.

Ku tambayi tsofaffin gidanku yaushe rabonsu da jin kukan gauraka, kuma a wace fadama. Ku rubuto mana abin da suka ce.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.