Ayarin Kekuna na 1978: Yini Biyar a Ƙasar Auduga

Da kwamitin wannan mujalla ya nemi in rubuta wani abu daga tarihin makarantarmu, na daɗe ina juya abin a raina. Na san wasu za su ɗauki gasar ƙwallo, wasu kuma ɗakin cin abinci da wakensa. Ni abin da ya tsaya mini shi ne tafiyar da mu goma sha huɗu muka yi a kan kekuna a hutun Disamba na 1978, daga Funtua muka zagaya ta Bakori da Danja da Kafur da Malumfashi da Ƙanƙara, muka dawo gida. Cikin mu goma sha huɗun nan biyar sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Shi ya sa na ga gara a rubuta tun da sauran masu iya cewa, "A'a, ba haka aka yi ba."

Yadda abin ya samo asali

Malaminmu na Tarihi, wanda kuma shi ke kula da 'yan sikawut, shi ne ya kawo shawarar. Wata rana a aji ya tambaye mu dalilin da ya sa hakimin Funtua ake kiransa Sarkin Maska. Aji ya yi tsit. Sai ya ce abin kunya ne a ce mun haddace tafiye-tafiyen Turawa masu neman bakin kogin Kwara, amma ba mu san abin da ke bayan katangar makaranta ba. Ya ce duk wanda mahaifinsa ya yarda, ya samo keke.

Samun keken kuwa shi ne jarrabawa ta farko. Yaran yanzu ba za su gane ba, amma a lokacin aron keken uba kamar aron dokinsa ne. Akasarinmu Raleigh muka samo, wanda asalinsa na Ingila ne amma ana harhaɗa shi a Kano, sai mutum uku masu Phoenix ɗan ƙasar Sin. Nawa mahaifin sai da ya sa na kwance sarƙar na wanke ta da kananzir na mayar a gabansa, sa'an nan ya ce, "To, in ka dawo mini da shi da tabo, ka san sauran."

Malam ya tsara mu irin na fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Shi ne madugu. Ya naɗa jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya, da uban dawaki mai riƙe 'yan kuɗin da muka tara, ni kuma aka ba ni aikin malamin ayari, watau mai rubuta abin da aka gani. Daga wancan ɗan littafi, wanda gara ta ci rabinsa, na tsamo yawancin abin da ke nan. Kayanmu tabarmi ne da barguna, tamfol biyu, tukunya, fitilar ƙwai, garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari, sai famfo da sholisho da tsohon tiyub na yin faci.

Funtua da Bakori

Ran farko ba mu bar Funtua ba sai bayan azahar, domin a tashar jirgin ƙasa Malam ya fara ba mu amsar tambayarsa. Maska ita ce tsohon gari, can ne sarautar take. Abin da ya ɗaga Funtua shi ne dogo da auduga. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan ya nufi Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Inda jirgi ya tsaya nan kasuwa ta koma, inda kasuwa ta koma nan mutane da mulki suka bi ta.

Malam ya ja mana kunne kada mu ɗauka Bature ne ya kawo auduga. Kakanninmu sun daɗe suna nomanta, mata na kaɗi, masaƙa na saƙa, marina na rini, fatake na kai tufafin nesa. Abin da Turawa suka kawo shi ne sabon iri na Amurka mai suna Allen, da injin gurza, da fuloti inda ake awo, duk don masaƙun Lankasha su sami abin sarrafawa. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Mancesta a 1902, shi ne ya riƙe aikin gurzar. A lokacin tafiyarmu kuwa saye ya koma hannun Hukumar Auduga ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1977 aka ajiye hedkwatarta a nan Funtua. Mun tsaya bakin gidan gurza muna kallon tsibin auduga fari fat, ya fi soro tsawo, leburori na hawa kansa kamar tururuwa.

Da la'asar sakaliya muka isa Bakori, garin Makama. Muna shirin kafa tamfol a filin wata firamare, sai hedimasta ya ce ba a yi haka ba, ya buɗe mana ɗaya daga cikin sababbin azuzuwan da aka gina don shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Kafin isha'i akusa uku na tuwon dawa sun iso daga gidajen da ba mu san masu su ba. Uban dawaki ya ciro kuɗi, wanda ya kawo tuwon ya dube shi kamar an zage shi.

Zangon Danja

Kashegari muka saki kwalta muka nufi Danja. A nan ne muka yi zango na gaskiya, a gefen wata fadamar rake. Muka tarar da masu yin mazarƙwaila, doki na zagaya injin matsa, ruwan rake na zuba, ana dafa shi a manyan tukwane har ya yi kauri a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Suka ba mu muka sha har haƙoranmu suka fara tsami.

Da dare kuwa hunturu ya nuna mana shi ne sarkin fadama. Tamfol ɗaya iska ta kwashe, muka tsunduma mu duka a ƙarƙashin ɗayan. Da barci ya gagara muka fito muka hura wuta da karan dawa, Malam ya yi ta ba mu labarin yadda zangon fatake ke zama unguwa, unguwa ta zama gari, har ka ji ana kiran unguwannin Hausawa a ƙasar Gana da sunan Zango. A daren nan na fara gane cewa tarihi yana da sanyi da hayaƙi da ciwon cinya.

Keken manomi

Yini na uku, daga Danja ta Dabai zuwa Kafur, mun bi wasu hanyoyin burji sababbi ful. Aikin Shirin Raya Noma na Funtua ne, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gwambe. Shirin ya yi hanyoyin ƙauye da ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin sayar da takin zamani da iri. A da masara abin bayan gida ce, a gasa a ci da damina. Da taki ya samu sai ta fita fili, har ta zo ta zama babbar amfanin gonar wannan yanki. Mu dai a ranar runbunanta kawai muka gani, ba mu san muna kallon magajiyar auduga ba.

A wani fuloti kusa da Kafur muka huta. Jakuna da kekuna sun cika wurin, kowanne da ƙunshin auduga. Malamin awo na duba lamba ɗaya da lamba biyu, ana ɗorawa a sikeli, ana biya nan take. Malam ya ce mu lura da abin da manomi ke fara saye in kaka ta yi kyau. Keke ne. Shi ne motar kai mara lafiya asibiti, shi ne jakin kai kaya kasuwa, shi ne kuma asusun da ake sayarwa in shekara ta ɓaci.

Mun bar Kafur ke nan, a gangaren wani rafi, abokinmu mai ɗauke da tukunya ya faɗa rami. Shi ya tsira da ƙujewa, amma ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe kamar lauje. Ga rana ta yi sanyi, ga Malumfashi da saura. Yaron ya zauna yana kuka, domin keken na yayan mahaifinsa ne. Muna cikin haka wani dattijo ya fito daga gona tura sabon kekensa, ko ledar jikinsa bai cire ba. Ya tambayi abin da ya faru, Malam ya gaya masa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, ɗauki wannan yaron ya hau. Ku bar mini naku. In kun gama yawonku kwa kawo mini."

Malam ya ce, "Baba, ai ba ka san mu ba."

Ya ce, "'Yan makaranta ne, ba ga su tare da malaminsu ba? Me kuma zan sani?"

Kuɗin audugar shekara guda ke nan ya miƙa wa baƙi, babu takarda babu shaida.

Malumfashi da Ƙanƙara

Mun shiga Malumfashi bayan magariba, muka kwana a wani zaure. Da safe Malam ya kai mu ƙofar gidan Galadima ya yi mana bayani cewa Galadiman Katsina yana cikin masu zaɓen Sarki, tare da Ƙaura da 'Yanɗaka da Durɓi. Wannan sarauta ce Mai Shari'a Mamman Nasir ya riƙe daga baya, daga 1992 har rasuwarsa a 2019. A shekarun nan kuma akwai likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suna bincike a ƙauyukan Malumfashi kan zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji. Daga nan Malam ya kafa mana dokar da ta fi kowace zafi: ba mai shiga kududdufi, komai ƙurar da ya kwasa.

Zangonmu na ƙarshe a wajen garin Ƙanƙara muka yi shi, ƙasar Sarkin Pauwa, a gindin wani dutse. Wasu Fulani makiyaya da ke kusa suka kawo mana nono, muka ba su sukari, samarinsu suka zauna hira da mu, ɗaya har ya roƙi a koya masa keke a farin wata. Muka yi barci a fili, babu mai gadi. Yini na biyar shi ya fi tsawo. Muka ɓullo Sheme a kan hanyar Gusau, mun so mu ratse Daudawa mu ga gonar irin auduga amma rana ta hana, muka biyo ta Mairuwa muka shigo Funtua ana kiran magariba, kowa fari fat da ƙura kamar an tono shi.

Bayan mako guda Malam da yaron nan suka mayar wa dattijo kekensa. Suka tarar ya kai namu wurin maƙeri an miƙe shi, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo.

Abin da ya biyo baya

Sauran labarin kun san shi. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, fuloti ya mutu. A 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna. Masaƙun Kaduna da Kano suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, babur ya ture keke. Duk waɗannan canji ne irin na zamani, ana iya zama da su. Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne na daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Allah ya sa an sako su bayan kusan mako guda. Da na ji labarin, daren da muka kwana a gindin dutsen nan ya faɗo mini, cikin wata ɗaya, a gari ɗaya, shekara 42 tsakani.

Jikana ya taɓa tambayata ko zan bar shi ya yi irin tafiyar. Na rasa amsar da zan ba shi. Mu a lokacin mun ɗauka ƙarfin ƙafarmu ne ya kai mu ya dawo da mu. Yanzu da furfura ta fito na gane hedimastan Bakori ne, da matan da suka tuƙa tuwo, da makiyayan Ƙanƙara, da dattijon da ko sunansa ban rubuta ba. Wannan sakaci na malamin ayari har yau yana damuna.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. Na farko, mu tara da muka rage, duk mai hoto ko wata takarda ta wannan tafiya ya aiko wa sakatare a adana. Na biyu, a taronmu mai zuwa a duba yiwuwar saya wa makaranta 'yan kekuna, ko da Funtua zuwa Bakori ne yara su je da rana su dawo tare da malaminsu na Tarihi, kafin Allah ya kawo lokacin da za a sake kwana a fili. In an shirya, ni zan riƙe littafi, wannan karon kuma zan tambayi kowa sunansa.

Allah ya jiƙan Malam da sauran waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya bar zumunci. Wassalam.