Hanyar gujiya da ikon jaha: Maraɗi da Damagaram tsakanin Kano da Kotonu

Gabatarwa

Wannan takarda tana bin tambaya ɗaya cikin tarihin kudancin Nijar: wa ke yanke shawarar inda hanya za ta fuskanta? Za a nuna cewa tun zamanin mulkin mallaka ana yanke ta nesa da ƙasar da ke noma kayan da ake ɗauka, kuma sake fasalin mulkin jahohi bai mayar da ita gida ba.

1. Hanyar kusa da hanyar hukuma

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Kano tafiyar ba ta kai kilomita 300 ba, saboda haka gujiyar yankin ta bi wannan hanya zuwa Ikko. A ɓangaren Faransawa kuwa, layin dogon da ya taso daga Kotonu ya tsaya a Faraku a 1936, wajen kilomita 1000 daga Maraɗi. Kafin nan, a 1926, an ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, wato mazaunin hukuma ya koma yamma alhali arzikin noma yana gabas.

A 1953 hukumar mallaka ta ƙaddamar da shirin da ta kira Opération Hirondelle: motoci su sauke gujiya a Faraku, su komo da hajar kantunan Turawa. Manufar ita ce kuɗin sufuri su tsaya cikin yankin faran, a rage dogaro da reluwen Ingilishi. An buɗe gadar Gaya a 1958, aka kafa hukumar OCDN ta haɗin gwiwa da Dahome a 1959. Kwamandan Maraɗi da na Damagaram aikinsu aiwatarwa ne: tara lanho, gyaran hanyoyin kasuwannin gujiya, da kula da awo.

2. Bayan ƴancin kai

Gwamnatin Diori Hamani ta gaji wannan tsari, ta ƙara tattara shi. A 1962 aka kafa SONARA, wadda ta riƙe fitar da gujiya waje. Dokar 1964 ta raba ƙasa jahohi bakwai, kowace da perfe wanda Yamai ke naɗawa. Ribar gujiya tana shiga baitulmalin ƙasa, daga can ne kuma ake tsara inda za a zuba godoro. Babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta samu fifiko don haɗa kan ƙasa. Da farin 1973 zuwa 1974 da cutar gujiya ta 1975 suka karya noman, jari ya juya arewa: a ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit domin uraniyom.

Duk da haka Maraɗi ta bunƙasa. Kamar yadda Emmanuel Grégoire ya nuna a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ƴan kasuwar da suka fara da sayen gujiya wa kamfanonin Turawa sun koma cinikin ƙetare tun lokacin yaƙin Biyafara (1967 zuwa 1970): taba da atamfa su shigo ta Kotonu, su tsallaka Najeriya ta Jibiya. Ke nan hanyar da aka gina don kauce wa Kano ta zama hanyar kai wa Kano kaya. Masu motoci ne suka tsara wannan ci gaba, hukumar jaha tana biye.

3. Majalisun jaha

Majalisun raya jaha na zamanin Seyni Kountché masu ba da shawara ne. Sai a 2004 aka zaɓi majalisun ƙananan hukumomi, a 2011 aka zaɓi na jahohi, waɗanda doka ta ɗora wa tsara ci gaban yankunansu. Amma manyan hanyoyi da kuɗin duwan sun zauna hannun gwamnatin tsakiya, kuma a 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, shi ma shawarar gwamnatin tarayyar Najeriya ce. Rufe iyaka a 2019 da 2023 ya nuna yadda hukuncin da aka yanke nesa ke tsayar da kasuwar Maraɗi.

Kammalawa

Alhakin raya jaha ya sauko daga kwamanda zuwa perfe, daga perfe zuwa majalisa, amma ikon kuɗi bai biyo shi ba. Ga mai bincike, ma'aunin shugabancin jaha a fannin sufuri shi ne kason kuɗin duwan na Ɗan Isa da Magarya da ke komawa hanyoyin karkarar da ke ciyar da kasuwannin. Kundin kasafin jahohin biyu shi ne wurin da ya kamata a fara wannan lissafi.