Daga Daɓe zuwa Tayil: Abin da Ɗakin 'Yar Tsana Ke Ajiye Mana 🧵

1/ Akwai masu zama su yayyanka tsinken askirim wajen gutsure 600, su jera ɗaya bayan ɗaya, don kawai su yi wa ɗakin 'yar tsana daɓen katako. Kafin ku ce rashin aikin yi ne, ku biyo ni. Zaren nan zai leƙa Faransa da Landan, sannan ya dawo gida Kaduna.

2/ Daɓen da ake yi da ƙananan katakai a jera su cikin zane, Faransawa ke kiransa parquet. Ya yi suna ne a fadar Versailles ta Sarki Louis na 14, wajajen 1684. Kafin nan dutsen mabul ne a ƙasa. Kullum sai an wanke shi, ruwan ya riƙa tsiyaya yana ruɓar da gumakan katakon da ke ƙarƙashi.

3/ Sai aka cire dutsen aka shimfiɗa katako, wanda goge shi ake yi da kakin zuma. Kun san dai abin da sarki ya yi, shi attajirai ke kwaikwaya. Nan da nan ya bazu a gidajen masu hali na Turai.

4/ A daidai wannan zamani, matan attajiran Holan na yayin wani abu: su sa a ƙera musu gida sukutum a cikin kabad. Na wata Petronella Oortman, matar wani ɗan kasuwa a Amsterdam, an yi shi tsakanin 1686 da 1710. Ba na wasan yara ba ne fa, kayan alfahari ne na manya.

5/ Yau yana gidan tarihi na Rijksmuseum. Gidajen gaske na lokacin an sha yi musu kwaskwarima, amma wannan ƙaramin yana nan yadda aka bar shi. Mai son sanin yadda madafa ko ɗakin mai jego yake a Amsterdam shekara 300 baya, can yake zuwa ya leƙa.

6/ Wanda ya fi shahara shi ne na Sarauniya Mary ta Ingila. Edwin Lutyens, wanda ya tsara birnin New Delhi, shi ya zana shi, aka gama a 1924. Akwai wutar lantarki, akwai famfo mai zuba. A shekarar aka kai shi baje kolin Daular Birtaniya a Wembley, mutum sama da miliyan ɗaya da rabi suka kalle shi.

7/ A wannan baje kolin dai aka gina wani gari mai ganuwa irin ta biranen Arewa, aka kai masu sana'ar hannu daga Najeriya suna aiki ana kallonsu. Gidan 'yar tsanar Sarauniya na nan a fadar Windsor har gobe. Garin da aka gina da sunanmu kuwa, babu shi babu alamarsa.

8/ Lokacin nan Kaduna yarinya ce. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru. Ofisoshin gwamnati, bariki da unguwar Turawa duk suka zauna a arewacin kogi. Jirgin ƙasa ne ya riƙa sauke siminti, kwanon rufi da katakon kudu.

9/ To kafin siminti, me kakanninmu ke takawa? Daɓe. Kuma aikin mata ne. In an gina wa amarya ɗaki, a yi gayya: a baza tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowa da madaɓinta, suna bugu tare suna waƙa.

10/ In ya kwanta, a zuba ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Shi ke sa daɓen ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya daina tashin ƙura. Akwai waƙoƙi na musamman na wannan aiki, waƙoƙin daɓe. Cikinmu mutum nawa ne ya taɓa jin ɗaya daga bakin mai yi?

11/ Mu ma muna da ƙaramin ɗaki. Yara mata su yi 'yar tsana da kara, su keɓe mata wuri a gindin katanga, su yi mata jere da marafan kwalba da gwangwani, a dafa tuwon ƙasa, har biki a yi mata. Sai dai da kara da ƙasa ake yi. Ruwan farko ya sauka, shi ke nan.

12/ A Kaduna abin ya riƙa canjawa: daɓe ya ba siminti wuri, aka zo yayin tarazo da ledar ƙasa, yanzu kuma tayil ko'ina. Daɓen katako bai wuce wasu gidajen gwamnati da na manya ba. Dalili? Tsada, gara, sannan katako kan tsuke da hunturu ya kumbura da damina. Mu kuma da ruwa muke wanke ɗaki.

13/ Kowane sabon yayi ya zo, sai a fasa na baya ba a ko ɗauki hoto ba. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin FESTAC na 1977, an rushe shi a Janairun 2020. Tsofaffin gidajen Unguwar Rimi da Malali kuwa, ana ta sauke su ana ɗora sababbi.

14/ Akwai abin da ya tsira, kamar gidan Sardauna a Arewa House da ke titin Rabah, da gidan tarihi na titin Ali Akilu. Amma ɗakin talaka fa? Ɗakin da kakarku ta tare a Unguwar Shanu ko Badarawa, wa ya ajiye shi?

15/ Nan ƙaramin ɗaki ke da amfani, kuma ba wuya. Ma'aunin da aka fi bi shi ne na gidan Sarauniya Mary: kashi 1 cikin 12. Ɗaki mai mita 3.6 kowane gefe zai dawo santimita 30. Katako mai tsawon santimita 30 da faɗin 7 zai dawo santimita 2.5 da faɗin milimita 6. Kusan guda 600 ke nan.

16/ Kayan aiki: falankin filawud, tsinken askirim, reza, rula, gam na kafinta, samfefa da banish. Ku ja layi a tsakiyar falankin, daga nan za ku fara jeri, gicciye kamar ƙashin kifi. In kuka fara daga bango, ƙaramar karkata za ta yi ta girma har ta ɓata zanen.

17/ Ku ɗora abu mai nauyi ya kwana, ku goge da samfefa, sannan banish. Na daɓe ya ma fi sauƙi: jar ƙasa tankaɗaɗɗa, ɗan ruwa, bayan cokali a matsayin madaɓi.

18/ Amma kafin ku ɗauki reza, ku je wajen Hajiya Kaka. Ku tambaye ta: ina gado yake, ina aka yi jeren kwalla, su wa suka zo daɓen, wace waƙa aka yi? Ku naɗi muryarta a waya. In kun ƙera ɗakin, ku rubuta sunan unguwa da shekara a bayansa, ku turo hoton nan mu gani.