'Yankamanci da Magadansa: Tarihin Sana'ar Ban Dariya a Ƙasar Hausa

Ɗan kama shi ne mutumin da ya riƙi ban dariya sana'a a ƙasar Hausa ta dauri. Yakan tsaya a tsakiyar taro, a kasuwa ko gidan biki ko ƙofar fada, ba shi da jari sai bakinsa, ya yi ta zuba zance har mutane su dara su ba shi kyauta. Wani lokaci shi kaɗai yake fita, wani lokaci da abokin amshi ko makaɗi. A tsarin sana'o'in Hausawa yana cikin rukunin maroƙa, tare da mawaƙa da masu kirari da sanƙirori, wato mutanen da ake jin daɗinsu a dandali amma ake jinkirin ba su aure.

Sana'ar ba ta tsiro a fako ba. Tun kafin a sami mai cin abinci da barkwanci, al'umma ta riga ta keɓe wa tsokana gurbi. Akwai wasa tsakanin taubasai, da kaka da jika, da Kanawa da Zazzagawa, da Barebari da Fulani. A Gure, tsohuwar hedikwatar ƙasar Muniyo da ke gabas da Zinder da tazarar fiye da kilomita 150, Mangawa da Fulani da Tubawa da Buzaye da Hausawa kasuwa ɗaya suke ci, kuma Babarbare kan kira Bafulatani bawansa a bainar jama'a, a yi dariya a wuce. Dokar wasan ɗaya ce: wanda ya yi fushi shi ya faɗi. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam. Abin da ɗan kama ya yi shi ne ya ɗauki izinin da ke tsakanin abokan wasa ya shimfiɗa shi a kan kowa, sannan ya nemi lada.

Jigon 'yankamanci abinci ne. Ɗan kama yakan fito a matsayin mayunwacin da bai taɓa ƙoshi ba, wanda duk duniya a idonsa akushi ce. Sai ya ɗauki waƙar wani shahararren mawaƙi wadda kowa ya haddace, ya bar karinta da amshinta yadda suke, ya zare kalmomin ya cusa nasa. Inda mawaƙin fada ya yabi sarki da yawan dawaki da cin garuruwa, shi sai ya yabi tuwo da yawan miya, ya ba da labarin yadda ya yi wa ƙwaryar fura kwanton ɓauna. Dariyar tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin girman karin da ƙanƙantar abin da aka ɗora masa, don haka wanda bai san waƙar asali ba rabin daɗin ya wuce shi. Wannan ya sa dole ɗan kama ya zama mai kunne: ya san waƙar da ke tashe a bana, ya iya kwaikwayon muryar mai ita, ya kuma kiyaye ma'aunin baiti kamar yadda mai ita ya kiyaye. Wanda ya karya kari ya zama mai shirme kawai.

Haka yake yi wa malamai. Yakan gyara murya irin ta mai wa'azi, ya jero wasu kalmomi masu kama da Larabci, sannan ya fassara su da hukuncin wanda ya ga nama ya kau da kai, ko falalar mai loma babba. Da Turawa suka zo ya ƙara da Ingilishin ƙarya, a Nijar kuma Faransancin ƙarya, yana kwaikwayon tafinta da ɗan sanda. Shigarsa ma wasa ce: tufafin da ba su dace da juna ba, da takobin itace a rataye kamar jarumin da zai fita yaƙi da malmala. Yaro yakan koyi sana'ar ne ta bin ubangida kasuwa-kasuwa, yana amshi, yana lura da inda ake dakatawa a bar dariya ta lafa kafin a jefa ta gaba. Kuma yana koyon karanta fuska, domin a cikin taro akwai mai kyauta, akwai marowacin da sai an yi masa habaici, akwai wanda taɓa shi fitina ne.

Abin lura shi ne ɗan kama da kansa yake fara yi wa dariya. Ya riga ya mai da kansa makwaɗaici, matsoraci, marar kunya, saboda haka in ya juya kan alƙali ko attajiri babu mai ɗaukar maganarsa da zafi a fili, ko da ta soki inda ake so. Ƙasƙancin sana'ar shi ne garkuwarta. Wawan sarki ma a kan wannan ƙa'ida yake zaune: yana faɗa wa sarki abin da waziri ba zai iya ba, don an riga an ce wawa ne. 'Yan gambara kuwa, masu yawo da gangarsu a kasuwanni, sun fi karkata ga batsa da zambo, kuma sau da yawa ana ba su kuɗi ne don su yi gaba.

Ban da masu sana'a, akwai lokutan da gari kan ba kowa wannan dama. A watan azumi yara da samari suna tashe, suna kwaikwayon malami da ɗan kasuwa da tsoho mai kwaɗayi, a Kano kuma wani da ake kira Nalako yana farautar gwagware. A Damagaram akwai wasan kara, inda matasa ke zaɓen wanda zai fito a matsayin shugaban ƙasa, da gwamna, da ministoci, da Sarkin Damagaram, su kwaikwayi tafiyarsu da jawabinsu, su kuwa masu muƙaman na gaskiya suna zaune suna kallon kansu.

A shekarar 1967 wani Bature mai nazarin Hausa, C. G. B. Gidley, ya wallafa maƙala a kan 'yankamanci a wata mujallar jami'ar Landan. A lokacin nan rediyo ta riga ta fara janye masu sauraro daga dandali. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, shi ya fito da Usman Baba Pategi, tsohon soja, a shirin Samanja Mazan Fama, inda aka mai da Hausar bariki da tsawar saje-manja abin dariya. Ƙasimu Yero ya yi suna a Karambana, Jos kuma ta ba da Karkuzu. A Nijar cibiyar ta kasance Zinder, inda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyon ƙasa ta shahara da Yazi Dogo, malamin makaranta ɗan Dogon Dutsi. Salon aikinsu na gargajiya ne: a zauna a shirya ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, maganar kuwa sai an hau dandali take zuwa. Janet Beik ta rubuta littafi a kan wannan wasa na Nijar a 1987. Amma zamanin mulkin Seyni Kountché ne, daga 1974 zuwa 1987, lokacin ƙungiyoyin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, kuma albashi da kayan aiki na gwamnati ne. An yi wa boka da ɗan kasuwa mai algus da ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci dariya son rai. Sama da nan kuwa sai a yi hattara.

Finafinan bidiyo na Kano, da suka fara da Turmin Danya a 1990, su suka haifi magajin ɗan kama mafi kama da shi. Rabilu Musa Ibro, wanda aka haifa a 1971 kuma ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim, ya gina finafinan da ake kira camama a kan tsohuwar dabara: baƙauye mai wayon banza, makwaɗaici, matsoraci, da kuma juya waƙoƙin da ke tashe zuwa shirme. Kasuwar kasetinsa ta haɗa Kano da Maraɗi da Zinder da zango-zangon Gana. Sai dai kaset ba taron kasuwa ba ne. Abin da aka ɗauka ya zauna, kuma yana isa kunnen wanda bai zo don dariya ba. A 2008 wata kotu a Kano ta ɗaure Ibro wata biyu bisa ƙarar hukumar tace finafinai kan fim ɗin Ibro Aloko. Ya rasu a watan Disamba na 2014.

Tsayuwar mutum ɗaya da makirufo a zauren da aka sayi tikiti, irin ta Amurka da Ingila, ta kafu a Legas a shekarun 1990 ta hannun su Ali Baba, da Ingilishi da Burokan. Ɗan Nijar da ya fi nisa a wannan fage shi ne Mamane, haifaffen Agadas a 1966, wanda ya je Faransa karatun kimiyyar tsirrai ya ɓuge da barkwanci. Tun 2009 yake gabatar da shiri a rediyon RFI kan wata ƙasar da ya ƙirƙira, Gondwana, mai shugaban da ba ya sauka. Da Faransanci yake yi, amma dabarar tsohuwa ce: a soki kowane shugaba ba tare da an kama sunan ko ɗaya ba. A Hausa wannan salo na tikiti bai yi ƙarfi sosai ba. Masu barkwancin yau sun fi samun abinci a matsayin masu gabatarwa a wurin biki, inda har yanzu liƙi ake yi, ko kuma a gajerun bidiyo na YouTube da TikTok, inda kuɗin ke zuwa daga talla da yawan masu kallo.

Wayar hannu ta sauƙaƙa shiga sana'ar: babu ubangida, babu shekarun amshi, kuma saurayi a Gure yana iya samun masu kallo a Jidda. Ta kuma raba mai barkwanci da fuskokin da a dā yake karantawa kafin ya saki magana. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu samari biyu bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon barkwanci da suka yi a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje.