Hatsari a Kanada, Shari'a a Amurka

A 1960 wata mata mai suna Babcock ta shiga motar wani abokin arziki, Jackson, daga birnin Rochester na jihar New York, suka nufi Kanada. A lardin Ontariyo motar ta ƙwace masa, ta daki katanga, matar ta ji mummunan rauni. Da suka koma gida ta kai shi ƙara tana neman diyya.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce a bi dokar wurin da ɓarna ta auku. Dokar Ontariyo ta wancan lokacin kuwa ta hana wanda aka ɗauka kyauta neman diyya daga direba, don gudun haɗa baki a cuci kamfanin inshora. Da an bi ta, da Babcock ta tashi a tutar babu.

A 1963 babbar kotun New York, ta bakin Mai Shari'a Fuld, ta zaɓi dokar gida: mutanen nata ne, a can aka yi wa motar rajista da inshora, Ontariyo ratsawa kawai suka yi. Da na fara karanta hukuncin a jami'a, son kai na ɗauke shi. Daga baya na lura da inda kotun ta ce da a kan yadda aka yi tuƙin ake jayayya, da dokar Ontariyo ce za ta yi aiki.