Kwamfuta ko na'ura mai ƙwaƙwalwa?

Kwamfuta aro ce daga Turanci, shi ma Turancin daga Latin ya samo ta, inda tushen yake nufin lissafi. A Ingila, tun ƙarni na 17, mutum ake kira da sunan, wato wanda sana'arsa ke nan ya zauna yana buga lissafi. Sai daga baya inji ya gaje shi. Da kalmar ta shigo bakin Bahaushe, harafin p ya koma f, kamar a famfo da fasinja, ta kuma samu jam'i irin namu: kwamfutoci.

A gidanmu, ranar da Baba ya shigo da kwamfuta cikin kwalaye, sunaye biyu suka haɗu. Mu yara kwamfuta muke cewa, muna rige-rigen taɓa linzaminta. Shi kuwa, ma'abocin rediyo, ba ya wuce "na'ura mai ƙwaƙwalwa", har ya sa Inna ta ɗinka mata mayafi saboda ƙurar hunturu. Duk wanda ya ci tuwo, sai ya wanke hannu kafin ya kusance ta.

Sunan da Baba ke kiran ta da shi ya fi burge ni. Na'ura Larabci ce, asalinta babbar ƙafar katako da ke juyawa tana ɗebo ruwan kogi, irin waɗanda har yau suke birnin Hama na Siriya. Bahaushe ya faɗaɗa ta ga kowane inji, sannan ya ƙara mata ƙwaƙwalwa. Tsawon sunan ne dai ya hana shi shiga kasuwa. A labaran rediyo da jaridu aka fi jin sa.